Mahaifiyata na buƙatar gidan jinya a Ingila: ta yaya zan gane mai aminci?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila da maigidana da yara uku, mahaifiyata mai shekara 79 tana tare da mu. Wata biyar ke nan da ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama, ga shi dama tana fama da cutar mantuwa. Yanzu ba ta iya juyawa a gado da kanta, tana ƙwarewa in ta sha ruwa, ɗan Turancin da take ji ma ya gudu, sai Hausa kawai. Asibiti sun ce gidan jinya na tsofaffi take buƙata. Hankalina bai kwanta ba, 'yan'uwa a gida kuma sai magana suke yi. Na je gidaje biyu, duk suna da kyau a ido. Ta yaya zan gane wanda zai kula da ita tsakani da Allah?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Hajiya sauƙi, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya.

In na fahimce ki, so kike ki bambance gidan da ya iya tarbar baƙo da gidan da ya iya riƙon majinyaci, tunda ranar ziyara duk kamarsu ɗaya. Maganar 'yan'uwa ba zan daɗe a kanta ba. A wurinmu kai tsoho gidan gajiyayyu abin kunya ne, domin wanda ba shi da kowa ake kai wa can, kuma a gida akwai surukai da jikoki da maƙwabta masu karɓa-karɓa. Ke kuwa kina ƙasar da kowa ke ficewa aiki da sassafe. Wanda ba ya iya juya kansa yana buƙatar mutum biyu kusa da shi dare da rana, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Kai ta inda akwai hannaye ba yasarwa ba ce, muddin ƙafarki ba ta ɗauke daga wurin ba.

Irin gidan, da abin da takardar hukuma ke faɗa

Gidajen iri biyu ne. Akwai na zama kawai, inda masu kula ke taimakawa da wanka da abinci da bayan gida, nas kuma daga waje take zuwa in an kira ta. Akwai kuma na jinya, inda dole a samu nas mai rajista a cikin gidan awa 24. Da abin da kika faɗa, na biyun Hajiya take buƙata, kuma wanda ya saba da masu cutar mantuwa. Ki tambaya ƙarara, domin allon bakin ƙofa ba ya bambancewa.

A Ingila hukumar CQC ce ke yi wa gidajen rajista tana duba su tun 2009. Abubuwa biyar take aunawa: aminci, ingancin jinya, tausayi, biyan buƙatar kowane mutum, da shugabanci. Sai ta ba da ɗaya daga cikin matakai huɗu, daga fitacce, zuwa mai kyau, zuwa mai buƙatar gyara, zuwa wanda ya gaza. Rahotannin suna shafinta na intanet kyauta. Ki karanta rahoton da kansa, musamman ɓangaren aminci da na shugabanci, sannan ki duba kwanan watansa. Wani bincike da gwamnati ta sa aka yi a 2024 ya gano cewa an daɗe ba a leƙa gidaje da yawa ba, wasu shaidarsu ta shekaru ce. Gida na iya canza manaja sau biyu bayan rahoton, manaja kuwa shi ne gidan.

Masu wannan aiki ba sa manta gidan Orchid View da ke yankin West Sussex. A farkon 2010 hukumar ta ba shi shaidar mai kyau. A 2011 aka rufe shi, a 2013 kuma mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mutum 19, ta yanke cewa sakaci na da hannu a biyar daga ciki. Wata ma'aikaciyar ofis ce ta tona asiri bayan an sa ta yayyaga takardun magani da ke nuna an ba wata tsohuwa maganin tsinka jini fiye da kima. Sabon gini ne, kyan ɗan maciji.

Hannaye nawa ne, kuma na su waye

Dokar Ingila ba ta ƙayyade cewa mai kula ɗaya zai riƙe tsofaffi kaza ba, cewa kawai ta yi ma'aikata su wadatar. Don haka lissafin naki ne. A ce ɓangare guda yana da tsofaffi 20, masu kula biyu ne da dare, goma daga cikin tsofaffin kuma sai mutum biyu ke juya su. In kowane juyi da canjin ƙunzugu ya ci minti goma, zagaye ɗaya ya cinye minti 100, kuma duk tsawon lokacin nan in wani ya danna ƙararrawa ko ya zame daga gado, babu mai jin sa. Daga nan yawancin ɓarna ke farawa. Mugunta tana faruwa, amma kaɗan ce idan aka kwatanta da gajiya da ƙarancin hannu.

Ki tambayi manaja mutum nawa ke aikin dare a ɓangaren da za a sa Hajiya, nas nawa ce ga gidan gaba ɗaya, shekara nawa shi kansa ya yi a kujerar, kuma a makon jiya sau nawa aka ɗauko ma'aikatan haya daga kamfani. Na haya ba laifi ba ne, da yawansu ƙwararru ne, amma wanda ya shigo yau bai san cewa Hajiya ba ta shan ruwa tsagwaro ba sai an gaya masa. Manajan kirki zai ba ki adadi nan take. Wanda ya ce "muna da isassu, kada ki damu" bai amsa ba.

Sannan ki koma ba tare da sanarwa ba, sau biyu: da lokacin abincin rana, da kuma yammacin Asabar ko Lahadi lokacin da manaja ba ya nan. Ki zauna a falo minti 30 ki yi shiru. Ki ƙirga minti nawa ƙararrawa ke yi tana kuka kafin a amsa. Ki duba ko kofin ruwa yana inda hannun tsoho zai kai, ko an ajiye shi can kan tebur don ado. Ki lura ko mai ba da abinci zaune take daidai da fuskar tsohuwar, ko tsaye take tana ɗura wa mutum biyu lokaci guda. Zarnin da ya taso daga ɗaki ɗaya ya wuce ba komai ba ne, gidan jinya ne. Wanda ya kama kafet da kujeru shi ke nuna ana barin mutane cikin jiƙa.

Fata, baki da ma'auni

Jikin Hajiya ne zai gaya miki gaskiyar gidan, kuma a wuri uku yake fara magana.

Na farko fata. Gyambon kwanciya yana fitowa ne inda ƙashi ya danne fata a kan katifa har jini ya daina ratsawa: ƙashin gindi, ƙugu, dunduniya, idon sawu, kafaɗa, ƙeya, har da bayan kunne in tana sa robar iska. Cikin 'yan awanni yake iya farawa, warkewarsa kuwa sai a yi watanni. Matakinsa huɗu. Na ɗaya fata ba ta fashe ba, na biyu bororo ko ɗan salewa, na uku ya kai kitse, na huɗu ya kai tsoka ko ƙashi. Ga inda abin ya shafe mu: an koya wa ma'aikata da yawa su nemi jan da ba ya gushewa in an danna da yatsa. A baƙar fata jan nan ba ya bayyana. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi ɗumi ko sanyi daban, ko ya yi tauri ko taushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, ko ta zabura in an taɓa. Da hannu ake dubawa, cikin haske sosai. Ki tambayi nas, "Yaya kuke gane gyambo yana tahowa a baƙar fata?" Amsarta za ta nuna miki ko ta taɓa tunanin abin.

Da shigarta ya kamata a auna haɗarin gyambo da ma'auni irin na Waterlow ko Braden, a rubuta. Ƙa'idar ƙasar ta ce mai babban haɗari kada ya wuce awa huɗu bai canza kwanciya ba, gidaje da yawa kuma suna juya irin su Hajiya duk awa biyu zuwa uku. Ba a kifa ta kan ƙugu gaba ɗaya. Karkata ta ake yi kaɗan, kamar digiri 30, a tokare bayanta da matashi, a sa wani ƙarƙashin sharaɓa don dunduniya ta yi lilo ba ta taɓa katifa ba. Katifa mai iska tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin juyi, kuma da yawansu sai an saita su daidai da nauyin mutum. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar ta a saitin wanda ya kwanta kafin, mai kilo 90, a ɗora tsohuwa mai kilo 50, sai katifar ta zama dutse. Ki duba injin da ke rataye a ƙafar gado. Ki kuma karanta takardar juyi: in kin ga awa biyu-biyu cif, da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya daga safe har dare, akwai yiwuwar a zama ɗaya aka cike ta. Gyambo mai mataki na uku ko na huɗu dole gidan ya sanar da CQC.

Na biyu baki da haɗiya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan Hajiya. Mai shanyewar ɓarin jiki ruwa na iya bin hanyar iska ya sauka huhu, wani lokaci ko tari ba za ta yi ba, sai bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su bayyana. Akwai ƙwararru masu auna haɗiya, su ke yanke kaurin ruwa da laushin abinci bisa ma'aunin IDDSI mai lamba 0 zuwa 7. Lambar Hajiya dole ta kasance a takardarta, a kicin, da kuma kan kowane mai ba ta abinci. Garin da ake kaurara ruwa da shi yana da awo, cokali kaza ga mililita 200, ba a yi da ka. Gwangwanin kuma ba a barin sa inda hannunta zai kai, domin an taɓa rasa rai saboda haɗiyar busasshen garin. A zaunar da ita bayanta a miƙe kyam kafin ci, ta ci gaba da zama aƙalla minti 30 bayan ta gama. A leƙa kumatun dama, ɓangaren da ya shanye, domin can abinci ke maƙalewa ba ta sani ba. A goge haƙora da dasashi da harshe sau biyu a rana. Bakin da ba a wankewa shi ke tara ƙwayoyin cutar da ke gangarawa huhu, kuma wankin baki shi ne aikin da ake fara tsallakewa in hannu ya yi ƙaranci.

Abincin gida yana da amfani a nan, domin tsohuwar da ta ƙi dankalin Turawa da aka dama sau da yawa za ta karɓi kunu ko tuwo mai laushi da miyar kuka. Sai dai ki nuna wa mai auna haɗiya kafin ki fara kawowa. Koko yana iya yin ruwa fiye da lambarta, tuwon da ya huce yana yin tauri da danƙo, fura mai gudaji kuma ta haɗa ruwa da tsaki wuri guda, wanda shi ne mafi wuyar haɗiya.

Na uku ma'auni. A auna nauyinta da shigarta, sannan aƙalla duk wata, duk mako in ta fara ramewa. Raguwar kashi 5 cikin 100 cikin wata uku zuwa shida abin dubawa ne, kashi 10 kuwa babbar magana ce. Ruwa kuma lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, sai in likita ya rage saboda zuciya ko ƙoda. Masu shan ruwa mai kauri su suka fi bushewa don ba daɗi gare shi ba. Busasshen harshe, fitsari mai duhu, da barci fiye da kima su ne alamu.

Magani, faɗuwa da rikicewar farat ɗaya

Kowane mazaunin gidan yana da takardar magani da suke kira MAR, inda ake sa hannu duk lokacin da aka ba da ƙwaya. Ki nemi gani. Gurbin da babu sa hannu kuma babu dalili shi ne abin tambaya. Ki tambayi yadda take haɗiyar ƙwayoyin, domin ba kowace ƙwaya ake dakawa ba, kuma ɓoye magani cikin abinci yana da ƙa'ida, sai likita da mai haɗa magani sun amince a rubuce bayan an tuntuɓi iyali.

Ki sa ido sosai kan magungunan kwantar da hankali irin su risperidone da haloperidol. Wani rahoto da aka yi wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya ƙiyasta cewa kusan masu cutar mantuwa 180,000 ake ba irin waɗannan, kaɗan ne ke amfana, kuma suna jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,800 a shekara. Suna ƙara haɗarin shanyewar jiki, Hajiya kuwa ta riga ta yi ɗaya. Akwai inda suke da amfani, na ɗan lokaci, ana bita. In kika zo kika tarar da ita kullum tana gyangyaɗi, miyau na zuba, alhali da ba haka take ba, ki tambaya me aka ƙara.

Wajen ɗagawa, da na'urar ɗaga majinyaci ake yi, mutum biyu, da majanyi daidai girmanta. Ciccibar mutum ta hammata haramun ne a wannan aiki, ga mai shanyayyen hannu kuma yana iya goce kafaɗa. Ƙarafan gefen gado ba kullum suke kariya ba: mai mantuwa na iya ƙoƙarin haurawa ta faɗo daga sama, ko ta maƙale tsakanin ƙarfe da katifa. Gado mai sauka ƙasa-ƙasa da tabarmar da ke ƙara in an taka sun fi wa wasu. In ta faɗi, a kira ki a ranar. In ta bugu a ka kuma tana shan maganin tsinka jini, asibiti za a kai ta ko da ta ce lafiya lau. Ƙafar da ta gajarce ta juya waje alamar karayar ƙugu ce.

Cutar mantuwa a hankali take tafiya. In Hajiya ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ta yi laƙwas, kada ki yarda a ce miki "ciwon ne ke ci gaba". A nemi ciwon huhu, ciwon mafitsara, taurin bahaya, riƙewar fitsari, rashin ruwa, ciwon da ba ta iya faɗa, ko sabon magani.

Hausa da tsarki

Komawarta Hausa zalla abu ne sananne a cutar mantuwa, harshen da aka koya daga baya shi ke fara tafiya. A wurina wannan maganar aminci ce kafin ta zama ta jin daɗi. Tsohuwar da ke cewa "bayana ciwo" ba mai fahimta, sai ta yi ihu, ta ture hannun mai kula, a rubuta cewa tana da faɗa, daga nan sai maganin barci. Ki tambaya ko akwai mai jin Hausa cikin ma'aikata. 'Yan Najeriya da Ghana suna da yawa a wannan aiki, ko da yake masu Hausa a cikinsu kaɗan ne. Ki rubuta kalmomi kamar 20 a kati da yadda ake furta su, ruwa, ciwo, fitsari, sanyi, zafi, sannu, zan juya ki, a manna kusa da gado. Ƙungiyar Alzheimer's Society tana da takarda mai suna This is me da iyali ke cikewa. Ki rubuta sunan da take amsawa, domin yarinya 'yar shekara 20 ta kira ta da sunan yanka zai iya ɓata mata rai yini guda.

A cikin tsarin kulawarta, a rubuce, a sa cewa mace ce za ta yi mata wanka da tsarki, da ruwa ake mata tsarki ba da takarda kawai ba, a busar da fatar sosai bayan haka, kanta a rufe in za a fito da ita falo, kuma ga lokutan salla da inda alƙibla take. Ki tambayi inda suke sayen naman halal. "Za mu ba ta kifi da ganye" amsa ce da ke ƙarewa da rama. Maganar ƙarshen rayuwa ma a yi ta tun da sauran lokaci: wa za a kira, ko za a kai ta asibiti, da cewa muna gaggauta jana'iza, domin takardun rasuwa a ƙasar nan suna ɗaukar lokaci.

Kuɗi, da inda za ki kai kuka

Ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014, ƙaramar hukumarku za ta auna buƙatarta kyauta. Mai dukiyar da ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa, ƙasa da haka hukuma na taimakawa gwargwado. Kafin ki sa hannu a komai, ki nemi a duba ko ta cancanci tallafin hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS Continuing Healthcare, wanda ke ɗauke kuɗin gaba ɗaya ga wanda babbar buƙatarsa ta lafiya ce. Irin takardar zamanta a ƙasar na iya shafar wannan duka, don haka ki faɗa wa jami'ar walwala ta ƙaramar hukumar tun farko.

Ban ga Hajiya ba, ban kuma shiga gidajen nan biyu ba, saboda haka ba zan ce miki wannan ko wancan ba. Lambar haɗiyarta da tazarar juyinta na waɗanda suka taɓa jikinta ne. Abin da na faɗa na doka kuma na Ingila ne, Scotland da Wales kowacce da hukumarta.

Bayan ta shiga, makonni shida na farko su ne na sa ido. Ki riƙa zuwa a lokuta mabambanta, ki duba dunduniya da baya da kanki lokacin canjin kaya, ki buɗe littafi ki rubuta kwanan wata da abin da kika gani. Tun Afrilun 2024 doka ta wajabta wa gidajen Ingila barin ziyara sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma wajibi ne su gaya miki gaskiya in kuskure mai cutarwa ya faru. Ƙaramin abu ki faɗa wa nas ɗin da ke aiki a ranar. In ya maimaitu, ki rubuta wa manaja ta imel don ya zama da shaida. In ba a gyara ba, akwai ofishin sauraron koke na ƙananan hukumomi da kulawar jama'a, ko da ke ce ke biya daga aljihunki. CQC ba ta warware koken mutum ɗaya, amma tana karɓar bayani, shi ke sa ta zuwa dubawa. In kuwa kika ga ƙurjewa ko kumburi a damtse ba bayani, ko gyambon da aka ɓoye miki, ko tana firgita in wani ma'aikaci ya shigo, kada ki jira manaja: a ranar ki kira sashen kare manya masu rauni na ƙaramar hukumar da gidan yake, in kuma ranta na cikin haɗari ki kira lambar gaggawa, 999.